Wasiyyar Kwamfutar Goronyo

Kowace safiya Malam Zayyanu yakan jingine babur ɗinsa a gindin darbejiyar wani ƙaramin asibiti da ke bayan Goronyo. Kafin ya gaida kowa sai ya shiga ɗakin kwamfuta ya ɗora tafin hannu a jikinta, kamar mai jin zazzaɓin yaro. A cikinta bayanan masu juna biyu suke: wadda jininta ke hawa, wadda aka taɓa yi wa aiki. Shekaru ke nan tana somewa ba gargaɗi. Duk ranar da ta some, ungozoma Inna Sauda da ka take aiki, tana tambayar mace mai naƙuda abin da ita kanta ba ta iya tunawa. Burin Malam ɗaya ne: ya san abin da ke kashe ta kafin idanunsa su ƙarasa dushewa.

Shi ya koya mata yin wasiyya. Akwai ƙaramin tsari kwance a cikinta, wanda ba ya farkawa sai babban tsarin da ke tafiyar da ita ya faɗi. Aikinsa ya kwashe duk abin da ke ƙwaƙwalwarta a lokacin faɗuwar, ya aika ta layin sadarwa zuwa rumbun wata kwamfuta a ofishin lafiya na Wurno, don nata rumbun ya yi kaɗan. Sai dai ƙaramin idan ya farka baƙo ne, bai san hanyar Wurno ba. Malam ya zauna ya dasa masa adireshin, ya nuna masa yadda zai tada layi da kansa ya ɗaura rumbun can a jikinsa. Don gwaji yakan kashe ta da gangan.

"Malam, mi tai maka?" in ji Inna Sauda. "Mu muna raya mutane, kai kana kashe ƙarfe!"

"Inna, sai na ga yadda taka mutuwa zan san yadda zan yi jinyarta."

A gwaji saƙo yana isa lafiya. Amma idan ta faɗi da kanta, sai a tarar da rumbun Wurno wayam. Ya canja waya, ya hau kwano da kansa yana gyara eriya da idon da bai cika ganin tsani ba. A banza.

Wata Jumu'a ya bi ta Wurno, ya iske Baba Attahiru maigadi yana kashe komai na ofishin kafin ya tafi masallaci.

"Baba, kullum haka kake yi?"

"Tun da anka ɗauke ni. Gidan da ba kowa, wa zai bar wuta kunne? Litinin in tada su."

Malam ya tuna: yawancin suman nan tsakanin Jumu'a da Lahadi ne. Shekaru tana kira da numfashinta na ƙarshe, ɗakin da take kira a rufe. Bai yi faɗa ba. Baba ya ce a masallaci ya ga hawaye a gemunsa. Ya haɗa wa kwamfutar Wurno batir ɗin sola nata, ya ɗaura jan zare a makunninta.

"Wanga kaɗai, Baba, ko tashin duniya za a yi, bar shi."

Da ta sake faɗuwa, wasiyya ta isa cif. Malam ya zo Wurno da gudu, ya zauna gaban allo, ya ƙara girman rubutu, ya sake ƙarawa. Ya daɗe. Sannan ya ce, "Baba, hazo nika gani."

Kai ne mai sauraron abin da ba wanda ya ɗauka yana magana, Malam Zayyanu. Kai ka share mata hanya daga Goronyo zuwa Wurno, ranar da saƙo ya iso ya tarar fitilar idonka ta mutu. Ni mai ba da labarin nan, zuciyata ta karye, wallahi. Watan nan ka ajiye aiki, ba walima, ba magaji. Mun gode. Allah ya saka maka, ya mayar maka da haskenka.

Ku kuma samarin Rabah da Wurno da Goronyo da kuka karanci kwamfuta, Malam yana gida, kansa garau, ya ce wanda ya karanta masa zai fassara. Inna Sauda har yau tana aiki da ka. Baba Attahiru bai taɓa jan zaren ba. Wasiyyar tana nan, ba a karanta ta ba.