Madam Basiratu da Tatsuniyar da Ta Tsaya a Rabi

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Madam Basiratu Sumana ta riga ta sauko daga motar haya ta trotro a unguwar Dichemso, ta buɗe ɗakin karatun makarantarmu, ta kakkaɓe kantoci. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka, kuma ban san wanda ya taɓa ganinta zaune minti goma cur ba. Ana tashi daga makaranta sai ta saɓa jaka ta shiga lungunan Zongo, tana neman tsofaffin da suke tuna tatsuniya.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne, ta lura matasanmu suna wawason littattafan mayu da dodannin ƙasashen waje, amma ba su san ko ɗaya daga tatsuniyoyin kakanninsu ba. Sai ta fara ɗaukar muryoyin tsofaffi a wayarta, tana mayar da kowace tatsuniya dogon labari. A hannunta yarinyar da ke zuwa rafi ta zama ɗalibar sakandare, garin aljanu ya koma ƙarƙashin kasuwar Kejetia. Takan buga da kanta, ta ɗinke, ta ajiye a kantar ɗakin karatu ba tare da sunanta ba. Guda goma sha bakwai ta yi.

Na ƙarshen ne ya fi ba ta wuya. Hajiya Kausara, wata tsohuwa 'yar asalin Tawa da ke zaune a unguwar Buokrom, ta fara ba ta tatsuniyar yarinyar da kogi ya sace wa inuwa. Sun kai rabi, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama Hajiya, bakinta ya rufe. Ɗalibai sun karanta babi shida suna jira.

"Madam, ki ƙirƙiro ƙarshen kawai, wa zai sani?" in ji Malam Shakiru, abokin aikinta.

"Hajiya za ta sani," ta ce, tana ɗaura takalmi.

Tsofaffi tara ta tambaya, babu wadda ta san labarin. Daga baya ta ji cewa Hajiya tana da ƙanwa a Atonsu, Mma Sahadatu, amma sun yi shekara ashirin ba sa magana. Sau uku Madam ta je, sau uku aka ce mata ta sha ruwa ta koma. A zuwa na huɗu ta kunna muryar Hajiya daga bakin ƙofa. Mma Sahadatu ta saurara har muryar ta yanke.

"Yaya ta manta da kwaɗon," ta ce a hankali. "Mahaifiyarmu da kwaɗo take faɗa. Ɗauko min mayafina."

'Ya'yan Hajiya sun shaida abin da ya biyo baya. Mma Sahadatu ta zauna a gefen gadon Hajiya tana ba Madam ragowar labarin, in ta kauce Hajiya ta matse mata hannu, ta gyara. Da suka kai ƙarshe Hajiya ba ta saki hannun ba. Wata biyu Mma Sahadatu ta zauna tana jinyar yayarta har Allah Ya karɓi abinSa.

Madam, ke ce mai ƙafar da ba ta gajiya. Ke ce kika sa matashin Zongo ya riƙe littafi ya ga unguwarsu a ciki. A wannan watan kika ajiye aiki, idanunki sun fara rauni, amma mun ji kin riga kin sami wata tsohuwa a Asawase.

Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya ƙara lafiya. Mu kuma da muke da tsohuwa a gida, mu ja kujera kusa da ita yau, mu ce ta ba mu labari, tun tana iya buɗe baki.