Amshin da Inna Kulu Take Jira

A gidanmu na Argungu, da an cire shinkafa daga fadama Inna Kulu ke fara gumi. Tana jiƙa shinkafar, ta ɗora ta a rabin duro bayan magariba, ta zauna tana tura icce. Mu jikokinta bakwai mu kewaye wutar, turirin yana dukan fuskokinmu. Sunanta aka sa mini, shi ya sa wurina yake jikin gwiwarta, kuma Takwara take kirana.

Ba ta fara tatsuniya sai ta ja mana rai. "Ga wata nan ta taho, ƙafarta duk taɓo," in ji ta. Mu ce ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma.

Wadda muka fi so ita ce ta Lanti da ƙanenta. Wai yaron ya bi masunta, gorar da yake iyo da ita ta suɓuce, giwar ruwa ta ja shi gidanta a ƙasan gulbi ta ajiye. Kullum Lanti na zuwa bakin gulbi ta rera: "Ɗan inna, ɗan inna, ruwa ya yi sanyi, kana ina?" Shi kuma ya amsa daga ƙasa. Duk amshi ɗaya yana ɗago shi kamu ɗaya, har ta kama hannunsa. Inna ce Lanti, mu ne yaron. In muka amsa da sanyin jiki sai ta dakata, ta nuna mu da icce. "Ku ɗiyan ga, haka kunka iya? To ƙasa za shi kwana." Sai mu buɗe maƙogwaro har awaki su firgita.

Ina da shekara goma Yaya Bashar, ɗan baffana, ya dawo hutu daga Sakkwato da rediyo mai kaset. Ya ajiye ta a zaure ya danna. Waƙoƙin casu ne na baƙaƙen Amurka, waɗanda mawaƙin ke zuba magana da gudu a kan kiɗa mai nauyi. Ko kalma ɗaya ba mu ji, amma wa ya damu? Kiɗan a ƙirji yake sauka. Mutumin ya yi kira, jama'a su amsa masa, ya sake kira, su sake amsawa. Kafin kwana uku mun haddace inda ake amsawa.

Inna ma ta saurara daga bakin wuta. "Wanga ai lugude na," ta ce tana dariya. "Kuma sun san amshi, ba kamar ku ba." Ba ta hana kowa ba.

Ɗaya bayan ɗaya muka zame. Ran nan ni kaɗai na rage, kunnena ɗaya a wurinta, ɗaya a zaure. Ta kai inda Lanti ke rerawa, ta rera, ta karkata kai tana jirana. Daidai lokacin aka sa waƙar da na fi so a zaure. Na ce mata ruwa zan sha. Na miƙe, kuma ban dawo ba. Ina jin muryarta a bayana: "Takwara, shina ƙasa fa." Daga shekarar ba mu sake neman tatsuniya ba, ita ma ba ta sake tayarwa ba.

Yanzu Inna Kulu tana gidana a Nassarawa, nan Birnin Kebbi. Tsufa ya cinye mata tunani. Ba ta san ko ta ci abinci ba, wani lokaci ni ma sai ta tambaye ni ɗiyar wa ce. Amma kullum da an yi magariba sai ta gyara zama ta rera: "Ɗan inna, ɗan inna, ruwa ya yi sanyi, kana ina?" Ta karkata kai. In ta ji shiru sai hawaye, ta ture kwanon tuwo. A wurinta yanzu ba tatsuniya ba ce, yaro ne na gaske a cikin gulbi.

Wallahi na manta amshin. Na san gajere ne, na san muna tafa hannu sau biyu a ƙarshensa, amma kalmomin sun tafi. Na kira Yaya Bashar, wanda yanzu dillalin albasa ne mai furfura. "Wace Lanti kuma?" ya ce. Da na tuna masa kaset ɗin, nan take ya rero mini waƙar daga farko har ƙarshe yana ƙyaƙyata dariya. Da na faɗa masa dalilin tambayata ya ce Allah ya ba ta sauƙi. Na bi sauran biyar, babu mai shi. Na shiga mota har Argungu, na tarar sa'o'inta duk sun rasu, sai wata tsohuwa guda da ta ce ba ta taɓa jin wannan tatsuniyar ba. Mai yiwuwa Inna ce ta ƙirƙiro mana abarta.

Na gwada yin nawa. Ta rera, na ce, "Ga ni nan, Lanti, ga ni." Ta dube ni da ɓacin rai. "Ba shi ba na."

Da ina ƙarama na ɗauka darasin shi ne a so ɗan'uwa. Yanzu na gane abin da take koya mana shi ne mu amsa in an kira mu, kuma abin yana cina. Ba na zargin waƙoƙin nan. Har gobe ina son su, kuma na san dalili: sun bar wa kowa wurin da zai sa baki, kamar yadda Inna ta bar mana. Su dai suna da kaset, ita kuwa mu kaɗai gare ta.

Makon jiya aka yi biki a layinmu, mai kiɗa ya sa tsohuwar waƙar nan ta zaure. Ina zaune riƙe da hannun Inna, ta rera, ta karkata kai. A waje mutumin ya yi kira, layi gaba ɗaya ya amsa, na ji bakina ma ya amsa tare da su ban shirya ba. Inna ta matse mini yatsu, idonta ya yi haske.

"Takwara, shi na? Ya amsa?"

Shekara biyu ke nan ba ta kira ni da sunan ba.