Ranar da Muka Shayar da Jirgi

Wata Laraba ce, cikin bazarar shekarar da na fara azumi, jirgin ƙasa ya tsaya a hawan bayan garinmu. Muna daka a tsakar gida muka ji nishinsa yana raguwa kamar na jakin da kaya suka fi ƙarfinsa, sannan tsit. Jirgin kwal ne mai tafiya da tururi, ruwansa ne ya ƙare. Mai gari ya sa aka yi shela, duk mai tulu ya fito.

Inna ta aza mini ƙaramin tulu bisa gammo. Daga rijiyar marina zuwa layin dogo da tafiya, ga ƙaya, ga rairayi mai ƙuna. Sawun farko da gudu muka yi, muna waƙa, muna tseren wa zai riga taɓa ƙarfen. A sawu na biyar waƙa ta mutu. A na bakwai na zauna gindin aduwa ina kuka, wuyana kamar zai karye. Daga nan na jiyo direban, fuskarsa baƙi ƙirin da kwal, yana ce wa dattawa, "Wutar tana nan, ban bar ta ta mutu ba. Ruwa kawai nake nema." Kafin la'asar jirgin ya yi kuka, ya ja.

Yau wata biyar ina Doha, a wani bene a unguwar Muntazah, wajen 'yata Binta mai rubuta mini wannan. An yi mini aikin gwiwa, an ce ba zan koma gida ba sai na iya taka barandar nan har ƙarshenta. A da har na kai taku arba'in, don kullum da safe maigidana Malam sai ya bugo waya daga gida yana tsokana, "Tsohuwa, yau nawa?" Ya rasu ina nan, aka kai shi ban gan shi ba. Yanzu goma ma da ƙyar. Likitar gashin ƙashi ta gaya wa Binta da Turanci wai tururina ya ƙare. Haka suke cewa idan ƙwazon mutum ya yi sanyi.

Na ce ai na san jirgin. Amma shi gari guda ya fito masa da tuluna. Nan kowa ƙofarsa a rufe, sai ƙugin na'urar sanyi, sai Binta tana share hawaye, "Yalla, Mama, ƙara ɗaya." Ina son in koma gida in shiga ɗakin Malam, in shafa buzunsa. Gobe zan gwada sha ɗaya.

Wutar tana nan. Mai kawo mini ruwan ne ya tafi.