Farantin da Aka Ware

Duk macen Arewa da ta rasu tsakanin Barking da Dagenham, kafin labari ya kai Kano an riga an kira Hajiya Shafa'atu. Ita ce mai wankan gawa. Ba gado ta yi ba, ba kuma neman aikin ta yi ba. Miji ta biyo Landan, ma'aikacin gwamnati da aka turo ƙaro ilimi, ya yi zamansa har ƙasar nan ta rufe masa ido. Wata shekara matar wani ɗalibi ta rasu wurin haihuwa. Mata suka cika gida suna rusa kuka, amma da aka ce wa za ta shiga ɗakin wanka na masallaci, sai kowacce ta tuna kanta na ciwo. Shafa'atu ta gyara ɗaurin zaninta ta ce a nuna mata ƙofa. Tun daga ranar aikin ya liƙe mata.

Abin da zai ba ka dariya shi ne, ba a yi mace mai ƙyanƙyami irinta ba. Ba ta kama ƙarfen bas sai da ƙyalle. Idan ta ga Baturiya ta ɗora kare a cinya cikin jirgin ƙasa tana sumbatar bakinsa, ranar sai dai ta wuni da ruwan shayi. Baƙon da ya taka mata kafet da takalmi kuwa, ko surukinta ne, sai ya ji abin da bai zo ji ba. Amma gawa a wurinta ba ƙazanta ba ce, amana ce. Ruwa mai ɗumi take haɗawa, kamar mai shi za ta ce ya yi sanyi. Ta sa garin magarya, ta ƙare da kafur, dama kafin hagu, zane a lulluɓe yadda ko idonta ba ya sauka inda bai kamata ba. Abin da ta gani a ɗakin nan kuma, ko da wasa bai taɓa fitowa daga bakinta ba.

Tana da hannun girki, wannan kowa ya sani. Babu sunan da za a yi ko walima da ba ta aika kular waina da miyar taushe ba. Sai dai kular kan dawo da nauyinta, an ɗan taɓa gefe ɗaya kawai. Takan leƙa ta yi tsaki.

"Matan Landan da diet ɗinsu! An bar abinci ana cin ganye kamar awaki."

'Ya'yanta maza sun yi aure sun watsu, saura auta, Zarah, wadda aka haifa a nan amma Hausarta ta miƙe, don uwar ba ta amsa Turanci a cikin gida. Tun rasuwar mai gidan faranti ɗaya suke ci su biyu, da hannu, a kan tabarma. Zarah na jami'a a cikin gari tana karatun kimiyyar jikin ɗan Adam. Ita kuwa Shafa'atu sanyi ya fara cin yatsunta, da safe sai ta tsoma su a ruwan zafi kafin su lanƙwasu. Mai taya ta aikin, Awawu, 'yar zangon Kumasi ce, kuma ta girme ta. Don haka ta ƙudurta a ranta cewa idan hutun zafi ya zo za ta fara shiga da Zarah ɗakin wanka. Abu ɗaya take roƙon Allah: ranar da tata ta zo, kada baƙon hannu ya juya ta.

Wata Asabar da rana, sanyi ya fara shigowa, tana kicin tana yanka kaza, Zarah ta zo da kwamfutarta ta zauna a kujera. Lokacin zaɓen darussa ne, na zangon da ke farawa bayan sabuwar shekara da na lokacin zafi.

"Umma, module biyu ne a gabana, ɗaya zan ɗauka. Na farko a kan abincin yara ne da lafiyar unguwa. Wannan ana gamawa da wuri, summer ɗina duk free."

"To me kike jira? Ɗauki."

"Na biyun nake so. Mutum kaɗan ake ɗauka, kuma an ba ni wuri. Idan na yi shi, hanyar karatun likita ta buɗe mini."

"Na mene ne shi?"

Zarah ta rufe kwamfutar. Sannan ta yi bayani a hankali, irin na wanda ya san ya taka wutsiyar maciji. Gawar mutum ake ba su, ɗalibai kaɗan a kan kowace, su riƙa buɗewa suna duba jijiya da tsoka da ƙashi.

Wuƙar ta tsaya a haƙarƙarin kazar.

"Gawar wa?"

"Mutanen da suka ba da kansu ne, Umma. Sun yi signing tun suna raye."

"An yi musu wanka?"

"Magani ake sa musu don kada su lalace."

"Ban tambaye ki magani ba. Yaushe ake kai su makwancinsu?"

"Sai an gama. Ƙarshen summer."

Shafa'atu ta dubi kazar da ke hannunta, ta dubi 'yarta, yawu ya taru mata a baki. Ɗan Adam, wanda uwa ta goya, a shimfiɗe tsirara wata da watanni, yara na ƙwaƙular cikinsa da rana su fita su ci burodi! Ta saki wuƙar ta nufi banɗaki. Kazar nan dai maƙwabta ne suka ci ta.

Ba ta tsaya nan ba. Ta je wurin limamin masallacinsu da tabbacin zai tsawatar. Malam ya gyara gilashi ya ce malamai da yawa sun yi sassauci saboda lalurar neman ilimin ceton rai. Ta fito tana cewa a ranta, shi ma Landan ta dafa shi. Ta kai kuka wurin Awawu, ita kuma ta yi dariya da sauran haƙoranta.

"Hajiya, bar yarinya ya yi karatu. Likita da ya gyara maka gwiwa, a ina ya koya? A kan akuya?"

Ranar har Awawu sai da ta sha harara.

Da ta ga babu mai kama mata, sai ta fito da makaminta na ƙarshe. Bayan sallar la'asar, tana kan darduma, ta kira Zarah.

"Auta, ki buɗe kunnenki. Na so in koya miki aikina, na so ke za ki wanke ni. Amma hannun da ya yanka gawa ba zai taɓa tawa ba. Ki zaɓa."

Zarah ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a bayan hannunta. Uwar ta ɗauka magana ta ƙare. Washegari yarinyar ta tsaya a bakin ƙofar kicin, jaka a kafaɗa.

"Umma, ki yafe mini. Na yi confirm."

Kai, taurin kai dai ba a ƙasa ta tsince shi ba.

Da zango ya fara, wari ne ya fara shigowa gidan. Wani wari mai hawa kai, ba na ruɓa ba, ba na asibiti ba, ya kama hijabi ya kama gashi. Wai riga ta musamman suke sawa da safar hannu. Shafa'atu ta ce ko buhu suke shiga, ita hancinta ba ya ƙarya. Ta ajiye leda a bakin ƙofa don tuɓe kaya. Ta hana a haɗa wankinsu. Sannan ta shiga kicin ta zaro wani shuɗin faranti daga ƙasan kabad, ta ɗaura jan zare a hannun kofi ɗaya, ta ware soso daban.

"Waɗannan naki ne."

Zarah ta karɓa ta kife su a gefe.

Azumi ya same su a haka. Da an sha ruwa, uwa na wannan gefen tabarma, 'ya na wancan da shuɗin farantinta. Shafa'atu ba ta iya kallon yatsun yarinyar suna ɓare dabino. Da ta kalla sai ta ga abin da suka wuni suna yi, ta ajiye lomar. Tana son 'yarta, wallahi tana son ta, amma ƙyama ba ta jin lallashi.

Sau ɗaya Zarah ta gwada ba ta labari.

"Gawar da aka ba mu tsohuwa ce, Umma. Har yanzu akwai jan farce a yatsun ƙafarta. Kullum idan mun gama ni nake rufe ta."

"Rufe mini baki! Ina cin abinci."

Amma maganar ta bi ta har shimfiɗa. Jan farce. Ko goge mata ba a yi ba, yaya ruwa zai taɓa farcen? Ta yi tir da makarantar, ta yi tir da dangin da suka bari, ta yi tir da garin da ake ba da uwa kyauta kamar tsohuwar kujera.

Haka sanyi ya wuce, itatuwa suka yi ganye, rana ta fara kaiwa dare ba ta faɗi ba. An kira ta wanka sau da dama a tsakanin. Ita da Awawu suna nishi suna juya gawa, ɗaya ba gwiwa, ɗaya ba yatsu. Ko sau ɗaya ba ta ce Zarah ta zo ba.

Ana cikin zafi aka yi suna a gidan Nimatu, matar wani likita a Barking. Shafa'atu ta tashi tun da safe ta soya waina har kula ta cika, amma gwiwa ta hana ta fita, sai ta aiki Zarah. Da yamma yarinyar ta dawo, ta dire kular a tsakiyar kicin. Uwar ta buɗe. Yadda ta jera su haka suke, ko ɗaya ba a ɗaga ba.

"Yau kuma abin ya kai haka? Wannan diet ɗin sai ya kashe su. Da can ko gefe suna taɓawa."

Zarah na tsaye ta jingina da firji. Ta gaji, bas biyu ta hau da wannan kaya.

"Ba diet ba ne, Umma."

"To mene ne?"

"Ba sa cin abincinki. Ba su taɓa ci ba. Da an kawo sai a tura kular bayan ƙofa. Tun ina firamare na ji wata tana ce wa 'yarta, kada ki taɓa wannan, na mai wankan gawa ne."

Shafa'atu ta riƙe murfin kular, bakinta a buɗe.

"Ƙarya ne. Ai ana ci. Ina gani da idona an ci."

"Ni ce." Zarah ta nuna ƙirjinta. "Nakan zauna a bayan ƙofar in yi ta ci har cikina ya yi ciwo, don kada ki gane. Yau ma na buɗe zan ci. Sai na tuna ba ki son hannuna ya shiga abincinki."

Shafa'atu ta ajiye murfin.

Fuskokin matan suka riƙa zuwar mata ɗaya bayan ɗaya. Nimatu, wadda ita ta wanke mata uwa, ta ɗaure mata haɓa, ta share abin da 'yar cikinta ta kasa tsayawa ta gani. Waɗanda ke rungume ta a gidan makoki suna cewa Hajiya Allah ya biya ki da Aljanna. Ashe hannunta ya isa ya shiga inda nasu ke gudu, bai isa ya shiga bakinsu ba. Ta ji ƙyamarsu ta taso mata, irin wadda ko karen cikin jirgi bai taɓa sa ta ji ba. Tana juyawa za ta tofar da yawu, idonta ya faɗa kan abin kife kwanuka. Ga shuɗin faranti can shi kaɗai a gefe, ga kofi da jan zarensa.

Ta daɗe tana kallonsu.

Ba ta canza ra'ayi a kan yankan gawa ba, kada wani ya yi mata ƙarya. Har gobe idan aka ambata sai ta yamutsa fuska. Amma ta miƙa hannu ta ɗauko shuɗin farantin, ta zuba waina, ta kwarara miya, ta kai kan tabarma ta zauna da ƙyar.

"Wanko hannunki ki zo."

Zarah ta zo ta durƙusa a gabanta, tana kallonta kamar ba ta yarda ba.

"Sa hannu mana. Kuma ranar da aka sake kira na, ki shirya. Ke za ki riƙe buta. Tunda kin iya rufe tsohuwar mutane, sai ki koyi yadda za ki rufe taki."

Yarinyar ta gutsuri waina ta dangwali miya. Shafa'atu ta bi yatsun da kallo, ta ga dai su ne, waɗanda suka yi wata da watanni a cikin tsohuwa mai jan farce. Ta kai nata hannun daidai inda na Zarah ya tashi, ta ɗebo, ta kai baki. Zuciyarta ta taso har maƙogwaro. Ta runtse ido ta haɗiye, sannan ta sake miƙa hannu.