Likimon Aling Luming

Rabon da a kira Iluminada Pangilinan da cikakken sunanta tun ranar ɗaurin aurenta. A unguwarsu da ke bayan tsohuwar kasuwar birnin Angeles, arewa da Manila, kowa Aling Luming yake ce mata, samari kuwa Nanay, kamar ita ta haife su. Gajeriya ce mai faffaɗar fuska, muryarta ta fi jikinta girma. Tana da rumfar abinci a bakin titi, benci biyu da tukwane a jere, inda take sayar da shinkafa da adobon kaza da soyayyen kifi tun 'ya'yanta suna goye.

Karta kuwa a wurin kakarta ta koya. Tsohuwar ba ta barin zaman makoki ya wuce ta, domin a nan ake shimfiɗa tebura a ƙarƙashin rumfa a yi ta buga karta ana taya masu gawa zama. Luming tana ƙarama take riƙe mata kartar idan idonta ya gaji. Da ta girma ta yi aure sai hidima ta ɗauke ta, ta yi shekaru ba ta taɓa karta ba sai lokacin Kirsimeti.

Mijinta, Mang Turing, direban babur mai akwatin fasinja a gefe ne, dogo siriri, ba ya gaggawar komai. Ko a kan titi fasinja ne ke roƙonsa ya ƙara wuta. Shi ya fara shiga gidan wasan poka da aka buɗe a tsallaken rumfarta, bayan 'ya'yansu sun watse, ɗaya tana Manila, biyu suna aiki a ƙasashen waje. Masu rabon karta na gidan a wurin Luming suke cin abincin rana, kuma daga hirarsu ta fahimci wasan tun kafin ta leƙa. Karta biyu ake ba kowa a rufe, a buɗe biyar a tsakiyar tebur, wanda nasa suka fi haɗuwa da na tsakiya shi ke kwashewa. A gasa kowa da tarin kwandalolin roba yake farawa, wanda nasa suka ƙare ya tashi. Akwai kuma zubin dole da ke zagayawa, yana ƙaruwa lokaci zuwa lokaci, har ya cinye duk wanda ya zauna yana jira.

Wata Lahadi bayan an tashi daga coci ta ce wa Turing ya jira ta, ta cire takalmin cocinta ta sa silifa, ta bi shi. Tun daga ranar, duk Lahadi rumfar a rufe take.

Gardamarsu ɗaya ce, kuma duk unguwa ta san ta. Turing mutumin likimo ne. Idan ya sami karta masu ƙarfi sai ya yi kamar ba shi da komai, ya zuba kaɗan, ya yi hamma, ya bar mutane su shigo da ƙafarsu. Akwai ranar da ya yi haka da karta masu lamba bakwai guda uku ya kwashe mutum biyu a hannu ɗaya, kuma babu fasinjan da ya hau babur ɗinsa bai ji labarin ba. Ko da tarinsa ya ƙaranta ba ya canzawa. Cewa yake a lokacin ne ma ya fi buƙatar mutane da yawa su zuba, don ya ninka abin da ya rage masa ya ƙara ninkawa.

Luming ba ta yarda da wannan ba ko kaɗan. Ita idan tarinta ya koma ɗan mitsitsi, ta ɗaga karta ta ga abin kirki, sai ta tura duka tsakiya da hannu biyu ta naɗe hannuwanta. Hujjarta ita ce mai likimo yana barin mutum huɗu su ga kartar tsakiya a arha, kuma cikin huɗun ba a rasa wanda sa'a za ta faɗo wa. Gara ta kori uku ta fuskanci ɗaya. Turing ya ce ai korar masu saye take yi. Ta ce ita da ta yi shekara talatin tana sayar da abinci ba shi zai koya mata masu saye ba. A kan wannan suke yi a teburin cin abinci, a kan babur, har a layin karɓar magani a asibiti. Maƙwabta sun daina raba su, don sun lura ba sa taɓa yin fushi, kuma ranar da ba su yi ba to ɗaya ba shi da lafiya.

Shekarar da Luming ta cika sittin gidan wasan ya shirya babbar gasa ta cikar shekarunsa. Mutum uku na farko za a biya musu kujera a babbar gasar Manila, da ɗakin otal. Mutane suka cika ɗakin har da waɗanda suka zo daga Tarlac. Aka fara da hantsi. Luming ta tafi da ƙunshin ayaba dafaffiya a jaka, tana ci tana raba wa 'yan teburinta. Sau biyu ta kusa tashi, sau biyu tana tura duka tana tsira. Da la'asar, da aka haɗa waɗanda suka rage a tebur ɗaya na ƙarshe, sai ga ta ga mijinta, kujerarsa a gefen hagunta. Ɗakin ya ɗauki shewa. Mai kula da gasar ya ja musu kunne cikin raha cewa babu miji babu mata a teburinsa. Luming ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita wannan tsohon ta fi son ta kwashe.

Wanda ya fi kowa tari a teburin shi ne Mang Islaw, mai sayar da tayoyi a hanyar filin jirgi, ƙato mai dariya da dukan ciki. Kusan kowane hannu sai ya ɗaga zubi, yana tsokanar mutane yana tattara kwandalolinsu. Na Luming kuwa sun fi na kowa ƙanƙanta. Zubin dole ya hau sosai, zagaye kaɗan ne zai cinye ta.

A nan ne ta ɗaga gefen kartarta ta ga as biyu, waɗanda babu abin da ya fi su a farkon hannu. Hannuwanta har sun nufi tarin don turawa, sai ta tsaya. Ta dubi Islaw, wanda zubin dole ya faɗa kansa a wannan hannun, yana ta jujjuya kwandaloli yana jiran ya ɗaga. Zuciyarta ta ce mata idan akwai ranar da maganar tsohon nan za ta yi amfani, yau ce. Mutumin nan ba ya iya ganin zubi kaɗan bai ɗaga ba. Gara ta bari ya ɗaga, sannan ta tura masa duka. Sai ta ƙirga daidai zubin dole ta ajiye a hankali, ta ma ƙara da 'yar hamma kamar yadda ta ga Turing yana yi.

Turing ya juyo ya dube ta. Ya dubi kartarsa, ya sake dubanta, ya jefar da su kamar sun ƙona shi. Sauran ma ɗaya bayan ɗaya suka jefar. Da aka zo kan Islaw sai ya jingina da kujera yana murmushi.

"Aling Luming, yau kuma lafiya? Ko barci kike ji?"

"Tsufa ne, Islaw. Yi wasanka."

"Ni da na san ki tun ina sayen shinkafar peso biyar? A'a, ba ni ɗagawa. Mu ga karta."

Aka buɗe uku na farko. Islaw ya ƙwanƙwasa tebur alamar ba ya zubawa, ita kuma da ta zuba kaɗan sai ya jefar da nasa yana dariya, ya ce ta riƙe abinta. Abin da ta kwasa bai kai ya cika tafin hannu ba. Don haushi ta kifa kartar a buɗe kowa ya gani, teburin ya fashe da dariya, har mai rabon karta sai da ta rufe baki.

Da aka ba da hutu ta sami Turing a bakin ƙofa yana shan ruwan kwakwa. Ya miƙa mata, ta karɓa ba ta dube shi ba. Ta ce ga likimonsa nan ta gwada, ga abin da ya jawo mata. Ya ce laifin ba na likimo ba ne. Shekara nawa tana wasa a gidan nan, ba wanda ya taɓa ganin ta shiga hannu a sanyaye idan tarinta ya ƙaranta, ranar da ta yi kuwa ko makaho ya san abin da ta riƙe. Ya gaya mata shi kansa masu lamba tara guda biyu ya jefar, karta da ba ya jefarwa.

"Kuma hammar nan, Luming," ya ce, "ban taɓa ganin mummunar hamma irinta ba."

Ta yi niyyar ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata har ruwan kwakwar ya sarƙe ta.

Bayan hutu mutum biyu suka tashi, zubin dole ya sake hawa. Tarin Luming ya koma abin tausayi. Sai ga sarakuna biyu sun zo mata. Wannan karon ba ta tsaya tunani ba. Ta sa hannu biyu ta tura duka, ta naɗe hannuwanta a ƙirji kamar yadda ta saba yi ko da babbar karta ko da matsakaiciya. Ba wanda zai iya cewa ga abin da take riƙe da shi, domin haka suka saba ganinta.

Turing ya daɗe yana kallon nasa. Ya cire hula ya sosa kai ya mayar. Ya san matarsa tana tura duka da abin da bai kai nasa ba sau da yawa, kuma tarinsa shi ma ba wani mai yawa ba ne da zai yi ta jira.

"Tsohuwa, kin ci abinci kuwa?" ya tambaye ta, yana neman ya ji muryarta.

"Biya ka gani, tsoho."

Ya biya. Sauran suka janye. Ya buɗe masu lamba goma guda biyu, ta buɗe sarakunanta da suka fi su ƙarfi. Mutane suka taso daga bayan igiyar da ke tare 'yan kallo suka kewaye teburin. Mai rabo ta buɗe uku, ta buɗe ta huɗu, ta buɗe ta biyar, babu goma ko ɗaya. Luming ta miƙe ta jawo kwandalolin mijinta zuwa gabanta tana jera su, ta ce masa ya yi haƙuri, za ta ƙara masa nama a abincin dare. Abin da ya rage wa Turing bai kai shi ko'ina ba. Hannu kaɗan bayan haka ya tashi a na biyar, ya koma bayan igiya ya tsaya daidai saitin kujerarta. Duk wanda ya matso sai ya nuna ta ya ce matarsa ce, shi ya kawo ta gidan nan.

Da mutum na huɗu ya tashi, kujerar Manila ta tabbata. Luming ba ta daɗe ba bayan haka. Ta tura duka da as da sarauniya, Islaw ya biya da masu lamba biyar guda biyu, tsakiya bai ba ta ko as ko sarauniya ba, biyar ɗin suka ci. Ta tashi a ta uku ana tafa mata, Islaw ya zagayo ya ɗauki hannunta ya ɗora a goshinsa kamar yadda ake yi wa manya, alhali bai fi ta ƙuruciya da wasu shekaru masu yawa ba. Ta ce ya sake ta kada ya ƙara mata tsufa.

Wata mai zuwa suka hau bas zuwa Manila. Turing ya sa rigarsa ta bikin auren 'yarsu, Luming ta yi sabon gyaran gashi. Ɗakin gasar ya fi cocin unguwarsu girma, sanyin na'ura kuma ya sa ta aro rigar sanyi a wurin wata 'yar Cebu da ke kusa da ita. Ba ta kai yamma ba aka fitar da ita, kuma ba ta damu ba. Ta fito ta tarar da 'yarsu ta kawo jikoki uku suna jira tare da kakansu a harabar otal. Suka tafi bakin teku gaba ɗaya, suka sayi gasasshiyar masara, yaran suna gudu a kan dakalin bakin ruwa. Ƙaramar jikar ta gaji ta hau cinyar Luming ta yi barci da masarar a hannu.

Ɗakin otal ɗin na kwana biyu ne, suka cinye kwanakinsu tsaf. Ranar Talata da sassafe Aling Luming ta ɗora tukunyar shinkafa a rumfarta, masu rabon karta suka tsallako cin abinci, ta zauna a bakin benci tana ba su labarin girman gadon otal ɗin.