Imelda Tuohy da Haruffan Kwano

Ƙarfe biyar na asuba, tun kafin aku su fara hayaniya a kan tankin ruwa, fitilar kicin ɗin gidan Tuohy ta riga ta kama. Imelda ce ta tashi. Za ta ɗora buta, ta kwaɓa burodi, ta zauna da carbin rosari a hannu ɗaya, jaririyarta Zita a ɗaya hannun tana shan nono. Da wuya ta kai ƙarshen addu'ar. Ko dai Benny ya farka ya jiƙa shimfiɗa, ko mijinta Gerard ya leƙo yana neman makullin a-kori-kura, alhali yana aljihunsa. Ta taɓa ce min Budurwa Maryamu ma ta yi goyo, ta san yadda abin yake, za ta cike mata sauran.

Ƙarfe takwas an goge teburin cin abinci, ya koma makaranta. Gonar tumakinsu tana da nisan kilomita ɗari da sittin daga garin Cobar, duk hanyar jar ƙasa, ba motar makarantar da ke biyowa. Ko da tana biyowa ma, Imelda ta ce ita za ta koyar da 'ya'yanta, boko da addini a tebur ɗaya. Ɗalibanta uku ne: Philomena, da muke kira Mena, mai shekara takwas, sai Cormac mai shida, sai Benny mai huɗu, wanda har yau babban darasinsa shi ne cin alli. Tsakar rana ta buga wani tsohon bakin garma da ke rataye a baranda, kowa ya tsaya inda yake a yi addu'ar A gaishe ki Maryamu. Karnukan gidan ma sun san da an ce amin abinci ke biyowa.

Ni shekara ashirin da biyu ina danna ulu cikin dila a rumfar askin tumakinsu, yanzu da baya ya gaji ina zaune a ɗakin ma'aikata ina gyara shinge. Na zaga rumfuna daga Queensland har Tasmania, na ga matan gona masu juriya iri-iri, kuma ba na saurin yabo. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne abin da na gani bara.

Mena yarinya ce mai kai. Karanta mata abu sau biyu, ta riƙe shi har da inda ka yi tari. Kowa ya ɗauka tun tana shekara shida take karatu. Wata safiya cikin azumin Ista, Imelda tana feraye dankali, Mena tana karanta mata littafin labaran waliyyai, yatsa yana bin layi, ba gargada. Ta juya shafi ta ci gaba. Imelda ta ajiye wuƙa. Shafin da yarinyar ke karantawa yana cikin aljihun Imelda, domin da safen ta ƙwace shi daga bakin Benny.

Ta rubuta kalma ɗaya a takarda, ta tura mata. Mena ta daɗe tana kallo, sai hawaye.

"Mama, ba sa tsayawa wuri ɗaya. Da na kalle su sai su watse kamar tumaki."

Da yammar nan na hangi Imelda a bayan igiyar shanya, ta rufe fuska da rigar Gerard. Shekara biyu tana zaune kusa da yarinyar ba ta gane ba. Ga shi kuma a watan Satumba jami'ar gwamnati za ta zo duba aikin yara, kamar yadda ake yi wa duk mai koyarwa a gida. Idan ta ga ba a ci gaba, tana iya janye izinin. Ke nan Mena za ta koma garin Dubbo wurin kakarta, tafiyar awa biyar, a riƙa ganinta sai hutu.

Kakar, mahaifiyar Gerard, Moira sunanta amma kowa Nana yake ce mata. Tun tuni ta gyara gado tana jira. Amma da ta zo Ista ta ga idon surukarta, sai tausayi ya kama ta, ta kawo dabara.

"Ke Imelda, abin nan mai sauƙi ne. Ranar da matar ta zo, ki miƙa wa Mena littafin da ta haddace. Wa zai sani?"

"Fadan cocinmu zai sani, Nana."

"Wa zai gaya masa?"

"Ni mana, a wurin furta zunubi. Kuma sau ɗaya yake zuwa a wata. Ga goyo a hannu, ba zan iya ƙara ɗaukar ƙarya har mako huɗu ba."

Nana ta juya ga ɗanta. "Kai ba ka da baki ne?"

Gerard ya ce, "Ni tumaki na sani, Mama," ya ɗauki hularsa.

Bayan kwana biyu Imelda ta same ni a bakin shinge.

"Les, ka ce a aji huɗu ka gudu daga makaranta. To a ina ka koyi karatu?"

Na ce a jikin dila. Kowace rumfar aski tana da fallayen kwano da aka huda haruffa a jikinsu, kowane harafi da nasa falle. Ka ɗora a kan dila, ka goga baƙar tawada da burushi, sunan gona ya fito. Na ce mata harafin da ke littafi yana iya gudu, amma wanda aka huda a kwano ba inda za shi, kana iya zura yatsa ka bi shi.

Ta wuce rumfa, ta dawo rungume da kwalin fallayen, duk tsatsa da kashin ɓera.

Wata shida gidan nan bai huta ba. Ta baza fulawa a tebur, Mena ta bi ramin harafi da yatsa, a ɗaga kwano, harafin ya zauna. Harafi ɗaya kan ci kwana uku. Daga tebur suka fita waje, suka rubuta wa tanki sunansa, da akurkin kaji, da ƙofar banɗaki, da ɗakin kowane kare. Cormac ya ga abin ya yi kyau, ya tuɓe wa Benny riga ya buga masa suna a gadon baya, sai da aka yi mako ana wanki. Fada ya zo yin ibadar Mas a falo, ya tarar an rubuta wa kujerarsa FADA, ya ce to madalla, yau dai ba zai zauna a ta wani ba. Akwai ranakun da Mena ta yi jifa da kwanon ta ce ita daƙiƙiya ce. Imelda takan tsince shi ta goge, ta ce, "Daƙiƙi ba ya haddace littafi guda ya ruɗi uwarsa shekara biyu. Zauna."

Sai aka yi hasashen ruwan sama, kuma ba a aske jiƙaƙƙiyar tunkiya, dole aka fara aski mako biyu kafin lokacinsa. Ya faɗo daidai ranar jami'ar. Imelda tana ciyar da maza tara 'yan aikin aski sau biyar a yini, ga naman rago a murhu, ga Zita tana haƙori, sai ga mota ta tsaya cikin ƙura. Misis Varga sunan matar, gajera mai tabarau. Ta fito da jakar takardu, ta bar ƙofar motar a buɗe.

Ko shayi ba a zuba ba Imelda ta ce, "Kafin ki buɗe jakar nan, akwai abin da zan gaya miki. Babbar 'yata ba ta iya karatu ba sai bana, kuma ni ce ban lura ba. Duk littafin da ke gidan nan za ta karanta miki shi da ka. Kada ki gwada ta da namu."

Matar ta dube ta ta saman tabarau, ta ciro nata littafin. Mena ta riƙe shi, ta kalli uwarta, ta kalli shafin, bakinta ya ƙi buɗuwa. Misis Varga ta koma mota ɗauko wata takarda, ta dawo fuska a ɗaure, ta fara rubutu.

Imelda ta ce, "Ina roƙon alfarma ɗaya. Ki zo rumfa."

Muna tsakiyar aiki suka shigo. Shugaban masu aski, wani ƙato da muke kira Ɗan Tsako, ya ɗaga hannu aka kashe injuna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba ko don mai gona. Imelda ta shimfiɗa buhun dila wanda ba a cika ba, ta miƙa wa matar fallayen da burushi, ta ce ta rubuta duk abin da ta ga dama.

"Malama, riƙe shi da ƙarfi," in ji Ɗan Tsako. "Ba jan baki ba ne."

"Kai dai koma kan tumakinka, na ga wadda ka yanka a kunne," in ji Misis Varga, aka kwashe da dariya.

Ta fi minti goma a durƙushe, tawada har gwiwar hannu. Sannan Mena ta durƙusa, ta sa yatsa a harafin farko, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Rumfa ta yi tsit, sai kukan tumaki. Imelda ta juya baya, hannunta a aljihu, na san carbi take ja a ciki.

"Karenku... ya... cinye... min... abincin... rana."

Yarinyar ta ɗago kai. "Wanne? In mai yagaggen kunne ne, Hirudus ne. Ko na Fada ya taɓa cinyewa."

Misis Varga ta zauna a kan dila tana dariya har da cire tabarau. Gerard, mai tumaki kawai ya sani, ya shige cikin garke ya daɗe yana duba ƙafar wata tunkiya da ba abin da ya same ta.

Izinin shekara ɗaya aka bayar, ba biyun da aka saba ba, da sharaɗin a riƙa kai Mena wurin ƙwararriyar koyar da karatu a Dubbo sau ɗaya a wata. Imelda ba ta yi musu ba, ta ce da ma abin da take nema ke nan. Yanzu duk wata takan loda yara huɗu a mota ta yi awa biyar, su kwana gidan Nana. Gadon da aka gyara bai tashi a banza ba.

Imelda, ke ce malamar da ba ta da allo sai teburin kicin, ba ta da hutu sai tsakanin wanki da girki. Ke ce aka nuna wa hanya mai sauƙi, ba mai ganinki, kika ƙi bi, alhali kin san gaskiyar tana iya raba ki da 'yarki. Na ga maza masu aske tunkiya ɗari biyu a yini ana tafa musu. Ban ga wanda zai iya zama kwana uku a kan harafi ɗaya bai ɗaga murya ba.

Na gode miki, a madadin duk mu da muka tsaya a rumfar nan. Ku kuma iyaye, na gona da na gari, ku zauna kusa da 'ya'yanku ku duba da kyau, in kun ga inda kuka yi kuskure ku faɗa da bakinku, sannan ku nemi abin gyara ko da a kwalin tsatsa ne.

Buhun yana nan rataye a kicin, gefen hoton Yesu, da sawun ɗan yatsa a kan kowane harafi. Lahadin da ta wuce Fada ya zo, Mena ta tashi ta karanta layi biyu na Zabura daga takardar da ba ta taɓa gani ba. Ta yi gargada sau uku. Ban taɓa ganin uwa ta yi murna da gargada irin ta ranar ba.