Goggona da Bafaranshiya Mai Rubuta Kiɗa

Shekarar da aka tura ni koyar da Faransanci a wata makarantar 'yan mata a Bodinga, na tarar da darasi a littafin aji uku kan wata Bafaranshiya. Tana tsara kiɗa, ta rubuta shi a takarda, kuma ta ƙare rayuwarta tana koyar da shi. Ɗalibanta sun yi suna. Nata kiɗan kuwa ya daɗe a akwati kafin a waiwaye shi.

Ban san komai game da kiɗa ba, don haka ranar Asabar na hau mashin zuwa Dandin Mahe wurin goggona, ƙanwar babana. Ita ke ƙaga waƙoƙin da mata ke yi da ƙwarya a bikin suna a unguwarsu, ita ke koya wa masu amshi. Na same ta a tsakar gida tana ware albasa. Na ba ta labarin, na kunna mata kiɗan matar a waya, fiyano zalla.

Ta saurara har ƙarshe, hannunta bai bar albasa ba.

"To, Malama," in ji ta, "yaushe za ta soma waƙar?"

Na ce, "Goggo, ai an gama. Babu baki a ciki."

"Ko suna guda ba ta ambata ba?"

"Ko ɗaya."

"Wagga mata ba ta da dangi?"

Ta ce in sake kunnawa. A tsakiya ta ajiye albasa, ta kife ƙwarya, ta bi kiɗan da yatsu biyu. Da ya ƙare ta ce hannun matar na da kyau, kuma daga ji ta sha wahalar masu koyo, don duk abin da ta faɗa sai ta maimaita shi sau uku.

Zancen takardar ne ya tsaya mata a rai. Bayan mako biyu ta aiko in zo da biro. Na rubuta baitocinta shafi huɗu, na karanta mata.

"Ina muryar?"

Na ce wannan rubutun daban ne, ba a koya mana shi ba.

"Mi aka koya muku shekara huɗu?"

Muka koma ga waya. Ta gyara zama, ta rera, na ɗauka, na kunna mata. Ba ta taɓa jin muryarta daga waje ba. Ta kawar da kai, ta goge ido da bakin mayafi, ta ce albasar bana akwai yaji.

Sannan ta ce, "Wagga tsohuwa gaggawa ta yi mata yawa. Share, mu sake."

Yanzu waƙoƙinta goma sha ɗaya ke cikin wayata. Ba ta amince da ko ɗaya ba tukuna. Asabar mai zuwa ma tana jirana.